Keken Lantarki Mai Ƙafa Huɗu a Kan Mizani

A biranen arewacin Turai, musamman na ƙasashen Holan da Danmak da Jamus, inda hukuma ta daɗe tana ƙuntata wa mai mota da harajin mai da kuɗin wurin ajiya, tana kuma yalwata wa mai keke da hanyarsa ta musamman, wata mas'ala ta shiga zukatan magidanta masu ƙananan yara, wadda ko da yake a zahiri ta yi mana nisa, na ga ya kamata mu yi mata duban tsanaki tun kafin fatake su sauke mana ita a tashar jiragen ruwa ta Ikko, su ce mana ga maganin tsadar fetur ya iso. Mas'alar kuwa ita ce ta wani keken dako mai ƙafa huɗu, mai aiki da batir, wanda aka yi wa rumfa da gilashin gaba da kujerun yara a baya, wani ma har da ƙofofi, ta yadda mai hangensa daga nesa zai rantse ƙaramar mota ce, sai ya matso kusa ya tarar matuƙin yana taka feda. Masu ƙera shi suna da'awar cewa shi ne zai maye wa iyali gurbin mota. Ni kuwa, bayan na auna hujjarsu da ta masu ja da su, abin da ya rinjaya a wurina shi ne darajar wannan abu duka tana rataye ne ga irin hanyar da ke ƙofar gidan mai sayensa, kuma mafi yawan iyalai, har a can Turan, ba shi ne ya fi dacewa da su ba.

Ɗaukar yara a keken dako ba baƙon abu ba ne a waɗannan ƙasashe. A shekarar 1984 wani maƙeri a unguwar Christiania ta birnin Kofanhegan, unguwar da mazaunanta suka hana mota shiga, ya haɗa keke mai ƙafa uku da akwati a gaba, daga nan abin ya bazu, har lissafin hukumar birnin ya nuna kimanin rubu'in iyalai masu yara biyu ko fiye suna da irin wannan keke. Mutanen Holan ma suna da nasu mai ƙafa biyu da dogon akwatin katako a gaba, wanda uwa kan zuba yara biyu ko uku a ciki ta kai su makaranta, kuma da injin lantarki ya shigo sai kasuwarsa ta buɗe, har a Jamus kaɗai aka sayar da kekunan dako sama da 200,000 a shekarar 2023. Amma shi mai ƙafa huɗu asalinsa daban ne, kuma sanin asalin yana da amfani ga mai son yin hukunci. Kamfanonin kai saƙo ne suka fara rungumarsa, kamar yadda DHL ya ɗauki wani ƙirar ƙasar Suwidin mai ɗaukar akwatin kaya na kimanin kilo 125 yana ratsa lunguna da shi, saboda motar kaya ba ta samun wurin tsayawa a tsakiyar tsoffin birane. Bayan an gwada shi da kwalaye ne wasu ƙananan kamfanoni a Nowe da Jamus da Faransa suka cire akwatin, suka sa kujeru, suka ce ga abin hawan iyali.

Sirrin farin jininsa yana cikin doka. A ƙasashen Tarayyar Turai, duk keken da ƙarfin injinsa na dindindin bai wuce wat 250 ba, wanda injin ba ya taimakawa sai mahayi yana taka feda, kuma taimakon yana yankewa idan gudu ya kai kilomita 25 a sa'a, to, hukuncinsa hukuncin keke ne: babu lasin, babu lamba, a mafi yawan ƙasashe babu tilascin inshora, kuma yana da haƙƙin bin hanyar kekuna ya wuce motoci suna cunkushe. Ingila ma a shekarar 2015 ta gyara ƙa'idarta har ta shigar da mai ƙafa huɗu cikin wannan rukuni. A Amurka kuwa, ma'anar keken lantarki a dokar tarayya ta tsaya ne ga mai ƙafa biyu ko uku, saboda haka wanda ya sayi mai huɗu a can sai ya bincika hukuncin jiharsa, don kada ya wayi gari da abin hawan da doka ba ta san sunansa ba. To, amma wannan rangwame da doka ta yi shi ne kuma tushen rauninsa, domin wat 250 bai wuce sulusin ƙarfin doki ɗaya ba a ma'aunin injiniyoyi, alhali ƙaramar mota tana da abin da ya ninka haka sau ɗari biyu ko kusa. An yanka wa wannan injin ƙarfi daidai da keke mai nauyin kilo ashirin da biyar, sa'an nan aka ɗora masa gangar jiki mai kilo ɗari, aka ƙara uba da 'ya'ya biyu da cefanen mako, jimla ta doshi kilo 250. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Holan babu laifi. A gari mai hawa da gangara kuwa, ƙafafun maigida ne za su biya bashin.

Insafi ya wajabta a faɗi alherinsa, kuma ba kaɗan ba ne. Ba ya faɗuwa idan an tsaya, saboda haka uwa na iya sauka ta ɗaure wa jariri ɗamara ba tare da fargabar keken ya kife da babban ba, kuma wanda ya taɓa riƙe keken dako mai ƙafa biyu cike da yara a mararraba, yana jiran fitila ta ba shi hannu, ya san wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Rumfarsa tana kare ruwan sama da iskar hunturu, waɗanda su ne kan mayar da Bature cikin mota rabin shekara. Tsoho da mai larurar ƙafa ko jiri, da wadda ba ta koyi keke tun ƙuruciya ba, duk suna iya tuƙa shi. Cin wutarsa kuwa abin mamaki ne, domin abin da motar lantarki take sha a tafiyar kilomita ɗari zai ishe shi tafiyar da ta ninka wannan sau da yawa, ga shi babu hayaƙi, babu ƙara, mahayin kuma yana motsa jini.

Inda na fi tsayawa shi ne batun amanar rayukan yara, domin a nan ne ruɗin yake. Abin da ya yi kama da mota yakan sa zuciya ta natsu natsuwar wanda ke cikin mota, alhali kuwa mota, kafin a bar ta ta hau titi a Turai, sai an gwabza ta da bango a ɗakin gwaji, an auna yadda ƙarfenta zai lanƙwashe ya shanye bugu, an sa mata jakar iska da ɗamarar da aka jarraba. Shi wannan keke, tun da doka ta kira shi keke, ba a ɗora masa waɗannan sharuɗɗa ba. Rumfarsa roba ce da siraran ƙarafa da aka yi don tare ruwa, kuma idan motar da ta kai tan ɗaya da rabi ta same shi daga gefe, bambancinsa da keken da ba shi da rumfa kaɗan ne ƙwarai. Ya zama jemage, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba: ya rasa sauƙin jikin keke da zai kauce ya raɓe, bai kuma sami sulken mota ba. Har tsayuwar tasa da ake yabo tana da iyaka. Keke mai ƙafa biyu yakan karkata cikin kwana ya daidaita nauyinsa, shi kuwa wannan yana tsaye ƙyam, ga shi siriri don ya shiga hanyar kekuna, ga shi da tsawo don mutum ya zauna a ciki, saboda haka idan aka sha kwana da gudu, ko titi ya karkata gefe ɗaya, ƙafafun ciki suna iya ɗagawa. Sa'an nan mai ƙafa biyu sawu ɗaya yake bi, yana iya zagaye rami cikin sauƙi, mai huɗu kuwa sawu biyu ne, in dama ta tsira hagu ta faɗa.

Mutanen Holan sun ɗanɗana ɗacin sakaci a wannan babi. Ranar 20 ga Satumba, 2018, a garin Oss, wani amalanken lantarki mai ƙafa huɗu da ake kira Stint, wanda gidajen renon yara ke kai yara makaranta da shi, ya shiga mahaɗar jirgin ƙasa jirgi na tafe, yara huɗu suka rasu nan take, wata yarinya da matar da ke tuƙi suka ji munanan raunuka. Gwamnati ta hana shi hawa titi cikin 'yan kwanaki, kuma hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta bayyana daga baya cewa an ba irin waɗannan sababbin ababen hawa izini ba tare da an tsananta binciken lafiyarsu ba. Gaskiya ne Stint ba shi da feda, ba kuma keke ba ne a hukunce, don haka ba zan yi ƙiyasinsa da wanda muke magana a kai ta kowace fuska ba. Illa iyaka illar da ta haɗa su ɗaya ce, wato sabon abin hawa mai nauyi, cike da yara, wanda ya shigo ta ƙofar da doka ta bari a buɗe don ƙananan abubuwa. Kuma ko tsoffin kamfanoni ba su kuɓuta ba, domin a watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Holan ta dakatar da sayar da kekunan dako na Babboe, ɗaya daga cikin sunayen da iyaye suka fi sani, saboda ƙarfen jikin wasunsu yana karyewa. Idan haka ta faru ga wanda ya ƙera dubbai, mai hankali zai yi tambayoyi masu yawa kafin ya miƙa 'ya'yansa ga kamfanin da bai ƙera ɗari biyar ba: wane irin birki ne, a ƙafa nawa yake kamawa, an gwada shi a gangara da cikakken lodi, kuma wa ya shaida gwajin?

Akwai kuma matsalar makwanci, wadda mai talla ba ya ambata. Faɗinsa yakan kusanci mita ɗaya, tsawonsa ya haura mita biyu, ba ya ɗaukuwa a hau bene da shi, ba ya shiga ƙofar ɗakin ajiyar kekuna na yawancin gidajen haya, kuma barinsa a waje gayyatar ɓarawo ce. A Holan ma, inda hanyoyin kekuna suka fi na ko'ina, doka ta yarje wa keke mai fiye da ƙafa biyu wanda faɗinsa ya wuce santimita 75 ya bar hanyar kekuna ya hau ta motoci, abin da ke nuna hukuma ta san hanyar ba ta ɗaukarsa ko'ina. Ga kuma turakun ƙarfe da ake kafawa don hana motoci shiga, waɗanda sau da yawa shi ma sukan hana shi. Batirin kuwa dole a shigar da shi gida a yi caji, kuma batirin litiyam idan ya kama wuta ruwan bokiti ba ya kashe shi. A birnin Niyok, a shekarar 2023 kaɗai, mutum 18 suka mutu a gobarar irin waɗannan batura, galibi na araha marasa shaidar inganci, har birnin ya kafa dokar hana sayar da wanda ba a gwada ba.

Mu zo ga kuɗi. Keken dako na lantarki mai ƙafa biyu, mai kyau, yana kamawa daga Yuro 5,000 zuwa 7,000. Mai ƙafa huɗu da rumfa kuwa yakan kai 10,000, wasu ma sun zarce, wato kuɗin da zai sayi mota ta hannu mai lafiya a Jamus har a sami canji. Masu kare shi sukan ce a duba abin da zai rage na mai da inshora da haraji cikin shekaru, kuma maganarsu tana da ƙarfi, amma da sharaɗi guda: sai idan iyalin sun sayar da motar tasu haƙiƙatan. Wanda ya ajiye mota don ziyarar dangi da tafiyar hutu, ya kuma ƙara wannan a kai, bai rage komai ba, ya dai ƙara wa kansa abin ciyarwa. Bayan wannan akwai tambayar da ta fi damuna, wato wa zai gyara shi. Da yawa daga cikinsu ba su da sarƙa. Feda tana juya ƙaramin janareta ne, shi kuma ya aika wuta zuwa injinan da ke ƙafafun baya ta hannun wata 'yar kwamfuta. Hikima ce mai kyau, tana rage maiƙo da lalacewar sarƙa, amma ranar da kwamfutar ta ƙi, babu abin da ya haɗa ƙafar mahayi da taya, kuma mai gyaran keke na unguwa sai dai ya duba ya girgiza kai. Kayan gyaran a hannun kamfani ɗaya suke, kamfanonin kuwa ƙanana ne, rayuwarsu ba ta da tabbas. Bio-Hybrid na Jamus, wanda ya fito daga babban kamfanin Schaeffler da keke mai ƙafa huɗu da rumfa, ya durƙushe a 2021. VanMoof na Amstadam, wanda kekunansa masu ƙafa biyu suka yi tashe a duniya, ya karye a watan Yuli na 2023, ya bar masu kekuna suna neman kayan gyaran da babu mai yin irinsu sai shi.

Malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi na Andalus, sun kasa bukatun ɗan Adam zuwa larura, da bukata wadda rashinta ke jawo ƙunci, da ƙawa wadda ke ƙara wa rayuwa daɗi, kuma wannan rabo yana da amfani ga magidanci ko da a kasuwar keke ne. Ga wanda larurar jiki ta hana shi hawan mai ƙafa biyu, ba shi kuma da lasin mota, ga yara da za a kai makaranta kullum, ƙafa huɗu ta shiga babin bukata ta gaske, kuma ba ni da ja a kansa. Ga ma'aurata masu ƙoshin lafiya kuwa, waɗanda mai ƙafa biyu ko uku da 'yar rumfar leda a kan akwatin yara zai biya musu bukata da rabin kuɗin, wanda kuma kowane mai gyara ya san cikinsa, ƙarin da za su biya na ƙawa ne, kuma ƙawar da za a ci bashi dominta ta kusanci israfi.

Duk wannan kuwa magana ce a kan ƙasashen da suka riga suka gyara hanya, kuma ba su same ta a sama ba. A shekarar 1971 mutum kimanin 3,300 suka mutu a haɗurran titi a Holan, fiye da 400 daga cikinsu yara ne, sai iyaye suka tashi da gangamin da suka kira Stop de Kindermoord, suna neman a daina kashe musu 'ya'ya a kan titi. Da rikicin man fetur na 1973 ya biyo baya, sai hukuma ta fara ware wa kekuna hanyoyi da shinge tsakaninsu da motoci, ta kuma rage gudu a unguwanni, aikin da ya ci shekaru arba'in da wani abu. Abin da ke kare yaron da ke cikin akwatin keke a Amstadam shi ne wannan shinge, da direban da ya san doka za ta ɗora masa alhaki idan ya buge mai keke.

A nan ne maganar ta shafe mu. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, ma'aikata da yawa sun jingine motocinsu, kuma duk abin da aka ce yana tafiya babu mai yana da kunnen saurare a Kano da Kaduna da Yamai. Amma a titunanmu babu hanyar keke. Mai keke yana raba kwalta ne da tirela da bas da A Daidaita Sahu, kuma abin hawan da ba ya wuce kilomita 25 a sa'a, mai faɗin da ba zai raɓe gefe ba, tarko ne a irin wannan titi. Ƙananan tayoyinsa ba su san rairayi da lambatu da gargadar unguwanninmu ba. Rumfar da aka yi don sanyin Nowe tanda ce a watan Afrilu a Sakkwato, zafin kuma yana gajarta ran batir. Wutar caji sai mai sola. Kujeru biyu ko uku kuwa ba su kai ko'ina ba a gidan da yara shida ke shirin makaranta da safe ɗaya. Idan ana neman inda lantarki zai yi mana amfani da gaggawa, ai ga A Daidaita Sahu nan, wanda ya cika Kano tun bayan hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013: yana da ƙarfin bin ayarin motoci, makanikansa suna kowace kwana, kuma mayar da shi mai batir aiki ne da aka riga aka fara a wasu garuruwanmu.

Saboda haka, ga 'yan'uwanmu mazauna Turai da ke wannan shawara, ina ganin kada kowa ya biya ko sisi sai ya karɓi aron keken na mako guda, ya loda 'ya'yansa, ya bi ainihin hanyar makarantarsu da ta kasuwa, ya auna ƙofar inda zai kwana, ya kuma sami mai gyara a garinsa wanda ya yarda da bakinsa zai taɓa shi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, to, ya nemi mai ƙafa biyu ko uku. Mu kuma na gida, hukuncina shi ne wannan keke bai dace da ɗaukar yaranmu a manyan titunanmu ba a halin da ake ciki, sai fa cikin harabar jami'a ko rukunin gidaje mai katanga. Ina roƙon gwamnonin da ke shimfiɗa sababbin tituna da gadoji a Kano da Kaduna da Maiduguri su ware mita biyu a gefe, su yi musu shinge, domin ɗalibai da leburori da ke hawan keke mai ƙafa biyu tun yau.